Dakta Zai Fara Daga Maɓalli

Zuwa ga angona,

Kafin gaisuwa, cinko wannan, tunda yanzu kai ne Dakta. Ya fi kowa yawo, bai san hanya ba. Cikinsa taf da kaya, ko ɗaya ba nasa ba ne. In ya dawo gida, ƙarƙashin gado ne masaukinsa. Mene ne?

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda nake, in ka cire gwiwar nan da ta rantse sai ta riga ni ritaya.

Takardarka ta iso. Gwaggonka ta karanta min bayanin aikin sau biyu, don Turancin ya fi ƙarfin ajina huɗu. Abin da na gane, in kamfani ya rikice sai ya kira mutanenku, ku tare a ofishinsa wata uku kuna tambayar ma'aikata, sannan ku zana wa masu kamfanin abin da ma'aikatan suka faɗa. Na ce ashe abin da nake yi kyauta a ƙofar gida har ɗaukar ma'aikata ake yi.

Ta ce Litinin ka tafi, Alhamis ka dawo, kwana a otal. Za ka fara daga ƙasa tare da waɗanda suka gama digirin farko jiya, kuma shekara bakwai da ka yi kana bin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba mai tambayarka. Sun ba ka zuwa Juma'a ta sama ka ba su amsa.

Ka rubuta cewa za ka ƙi, ka dawo ka kama koyarwar wucin gadi a kwalejin nan, don wa zai riƙa kai ni asibiti ran Talata. Wannan layin da kaina na karanta. Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Matakalar asibitin nan goma sha ɗaya ce, kowace na san halinta. Ɗakinka kuwa ina share shi tun shekarar da ka ce saura wata shida ka gama karatu.

Taka tsohuwar mata,
Kaka

Zuwa ga angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiyar tunani?

Jiya ka kira mun yi rabin awa. Sau uku ka gaya min wadda za ta shugabance ka ƙanwar bayanka ce, kuma ta kira sunanka tsurarsa, ba Dakta. Gwiwata ba ka tambaye ta ba ko sau ɗaya. Na kama ka, ɗan nema.

Shekara ashirin ina ɗinki kafin in shiga masana'antar tufafi. A can kowa daga maɓalli yake farawa, ko da keke aka haife shi. Wata shida ina ɗaura maɓalli, wata yarinya na duba min tana taunar cingam. Ban mutu ba. Ban kuma ji daɗi ba, kada ka ce na yi maka ƙarya.

Ba yabon aikin nake ba. Kakanka ya yi irin wannan yawon yana sayar da magunguna gari gari, har ya riƙa tambayata inda muke ajiye cokali a gidansa. Muryarka ma jiya ta mutumin da ya gaji ce tun bai fara ba. In ka ƙi don ranka ba ya so, ƙofa a buɗe take, sai in huta da sharar ɗakin da ba kowa. Amma kada ka jingina da gwiwata, ko ni ba ta ɗauka. In ka dawo saboda ita, kullum ka dube ni Juma'ar nan za ka gani, ni kuwa ba ni da ƙarfin ɗaukar wannan. Talatar asibiti gwaggonka ta karɓa, da mitarta da komai.

Na ba direban da ya saba kai maka saƙo wani abu, ka tare shi a tasha gobe da hantsi. Na sa an gyara makullin. Ko nan za ka nufo ko can, sai da shi.

Allah ya yi maka zaɓi, ya yi maka albarka.

Taka,
Kaka

Af, digiri uku ka kasa cinkowa. Akwati ne. Na kakanka ne, shekara tara yana ƙarƙashin gadona.