Gudun Yada Ƙanwa

Zuwa ga Khiem, hasken idona, sanyin safiyar kaka, ƙamshin sabuwar shinkafa a bakin gona! Zuwa ga wanda zuciyata ta zaɓa ba tare da ta nemi shawarata ba, ruwan da na sha na ƙara jin ƙishi.

Gaisuwa gare ka, Yayana, gaisuwa mai yawan zangarniyar da muka ratsa ranar Lahadi, mai nauyin ƙafafun nan nawa da har yau ba sa sauko da ni daga bene sai da baya da baya. Ina fatan kana lafiya a gida, kana cin girkin mahaifiyarka, kana barcinka har da minshari. Ya kamata dai a ce ɗaya daga cikinmu yana samun barci. Saƙonka ya iske ni a waya tun ina cikin motar dawowa Hanoi: "Ki yi haƙuri, lokacin ne bai yi ba." Na karanta har na haddace, ba wuya, bai kai tsawon igiyar takalmi ba. Amsata ba za ta shiga waya ba, shi ya sa na nemi takarda.

Ka lura Yayana na ce? Haka nake kiranka, ni da na riga ka shaƙar iskar duniya da shekara shida, ni da aka haifa a shekarar doki kai kuma a ta ɓera, a lissafinmu na shekaru masu sunayen dabbobi. Wa ya koya mini? Kai ne! Ka tuna farkon zuwanka ƙungiyarmu ta masu gudun safe a bakin tafki? Aka tambayi shekarunka kamar yadda ake yi wa kowa, don a san wa zai gaida wa, aka ce to, Diep yayarka ce. Ka yi ta "Yaya Diep, ina kwana," "Yaya Diep, sannu da ƙoƙari," ban taɓa jin komai ba, don girmana ne aka ba ni. Sai wata safiya bayan an ɗauke ruwa, muna miƙe ƙafa a jikin benci, na ji ka ce, "Ƙanwata, igiyar takalminki ta kwance." Na waiga ina neman yarinyar da kake yi wa magana. Ba kowa sai ni. Ka durƙusa ka ɗaure mini, kunnuwanka sun yi jawur, ka ce, "Da ke nake." Wayyo Khiem! Ka fi kowa sanin cewa a wurinmu namiji ba ya bukatar ya ce ina son ki. In ya sauko da mace daga yaya zuwa ƙanwa, ya gama magana. Ranar nan na wuni a kantin maganin da nake aiki ina murmushi ni kaɗai, har masu ciwon haƙori suna hararata.

Daga baya ka kawo maganar gudun garinku. Ka ce ɗan ƙarami ne, ana yin sa in shinkafa ta nuna: a tashi daga bakin kasuwa, a haye dutse, a zagayo a ƙare a filin makarantar da ka koyi karatu. Ka ce mahaifiyarka na cikin matan da ke tarbar masu gudu da abinci. "A nan zan nuna ki ga Mama," in ji ka. "Macen da ta haye dutsen garinmu da ƙafarta, me Mama za ta ce? Riƙe da hannun juna za mu shiga, kowa ya gani." Na yarda, ni sarauniyar yarda. Na kwashe damina ina hawa da sauka a matakalar gidanmu, farcen ƙafata biyu suka yi baƙi suka fita, ban fasa ba. Wasu matan kan je gaida uwar miji da sabuwar riga da kwandon 'ya'yan itace. Ni aka ce in je da gumi, na ce to.

Kuma wace irin safiya aka ba mu! Har yau ban yafe wa ranar nan kyawunta ba. Gajimare ya kwanta cikin kwari kamar auduga, gonakin shinkafa sun hau jikin dutse hawa-hawa, duk sun yi ruwan zinariya, iska na kaɗa su tana kawo mana ƙamshi har cikin ƙirji. Mu duka ba mu fi cikin mota biyu ba. Shugaban makaranta ya buga gangar nan da ake tara ɗalibai da ita, muka zuba a guje muna bin ƙyallayen jan yadi da aka ɗaɗɗaura a jikin gora. Matan da ke girbi suka miƙe riƙe da lauje suna yi mana dariya: "Me ya koro ku? In ƙarfi ne ya yi muku yawa, ku zo ku ɗauki dami!" Wata ɓauna ta tare 'yar siririyar hanyar tana tuƙa, ta ƙi motsi, muka yi layi muna raɓa ta kamar masu neman alfarma. A nan Kawu Tuat ya cim mana, tsohon ma'aikacin gidan wayan nan da ba ya fashin gudun, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Ya ce, "Ku ba tsoho hanya, 'yan soyayya! Kai ɓera, ka iya bin doki kuwa? Riƙe wutsiya da kyau, kada ta watsar da kai a kwari!" Ka yi dariya ka ce, "Kawu, ƙanwata ce, ba za ta gudu ta bar ni ba." A gaban Kawu Tuat ka faɗa, a gaban ɓauna, a gaban dutse da duk abin da ke kansa. Ashe jarumtarka ta daji ce, ba ta shiga gari.

Bayan rabin hanya dutsen ya nuna mana halinsa. Masu surutu suka koma neman numfashi. Wani saurayi ya rungumi bishiya yana amai, wata mata ta zauna a gefen gona tana kuka tana cin ayaba, ta ce ba abin da ya same ta, ƙafafunta ne suka daina jin magana. A wurin shan ruwa aka ba mu kankana da gishiri, muka ci kamar ba mu taɓa ganin abinci ba. Ni kuma a gadar gora ta kan rafi jijiyar ƙafata ta ɗaure, na zube. Mutane na wucewa, kowa da abin da ya dame shi, na ce ka tafi kada in ɓata maka gudu. Kawu Tuat, da muka sake bari a baya wajen hawa, ya iso yana haki, ya dube mu ya ce, "Ba banza ake ce masa gudun yada ƙanin wani ba, yaro. Ƙanin wani ake yarwa, na gida sai a goya shi." Ka zauna cikin laka, ka ɗora ƙafata a cinyarka kana murzawa, ka cire mini matsattsaku daga idon sawu, ka ce, "Tashi, ƙanwata, Mama na jira." Da wannan kalmar na ƙarasa, Khiem. Ba kankana ba ce ta ɗauke ni, ba gishiri ba, ba horon damina ba. Duk takun da ƙafata ta ce ta gaji, sai in maimaita mata abin da ka ce, ta ƙara ɗaya.

Daga kan tudun ƙarshe muka hango tutar makaranta, muna jin lasifika na kiran sunayen waɗanda suka isa. Ka kama hannuna kamar yadda ka yi alkawari. Kai, me ya fi wannan daɗi a duniya? Rana a bayanmu, gari a gabanmu, tafin hannunka cikin nawa! Muka sha kwanar da ke jikin katangar makaranta, sai na ji hannuna ya faɗo gefena. Na ce gumi ne, santsi ne. Ka ga yadda so ke mai da mai hankali wawa? Har sake miƙo maka shi na yi. Kai kuwa kana gyara hularka da hannu bibbiyu, hular da tun safe ba ta motsa ba.

Ga mahaifiyarka a bakin layi, 'yar ƙaramar mace mai irin idanunka sak, riƙe da faranti cike da tumun shinkafa ƙunshe a ganye. A gefenta Thoa, 'yar maƙwabtanku, tana rataya wa waɗanda suka isa lambar yabo ta katako a wuya, fuska fes, ko ɗigon gumi babu. Ni kuwa laka har gira. Na haɗa hannu zan yi gaisuwar da na daɗe ina bita a gaban madubi. Ta dube ni, ta dube ka, ta ce, "Ɗana, wace ce wannan?"

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ka ɓoye. Ka ce, "Mama, Yaya Diep ce. Babbar yayarmu a ƙungiyar gudu."

Yaya Diep! Shekara shidan da ka sauke mini a bakin tafki ka ɗauko ka mayar mini a ka, a gaban jama'a, ina tsaye da ƙyar. Kawu ya ce ƙanin wani ake yarwa. Kai taka ka yar, kuma ba a kan dutse ba inda kowa zai yi maka uzuri, a bakin layi, bayan wahala ta ƙare.

Da ma mahaifiyarka ta wulaƙanta ni, da na samu wanda zan ƙi. Ina! Ta kama hannuna, hannun da ka saki, ta goge mini fuska da gefen gyalenta. "Sannu 'yata, sannu. Shekarar me aka haife ki?" Na ce doki. Ta lissafa a gaɓoɓin yatsunta, ta yi dariya. "Shi ɓera ne, ai ko a hanya ba sa gaisawa da doki. Amma ga shi kin riƙe mini shi kamar cikinku ɗaya. Yaranki nawa?" Na ce babu tukuna. Ta cusa mini ƙunshi biyu, ta rage murya tana satar kallon Thoa. "Ke babba ce, na ga yana jin maganarki. Ki taimake ni ki sa baki ya yi aure kafin sabuwar shekara. Ni bakina ya gaji."

Na dube ka, Khiem. Na ba ka dama, na jira. Kana sunkuye kana kwance igiyar takalminka kamar shi ne babban aikin duniya. Sai na ji bakina na cewa, "To, Inna, zan yi masa magana." Kawu Tuat na zaune a benci da kofin shayi, ya ji komai. Mai bakin nan da ba ya mutuwa ya zuba wa cikin kofinsa ido. Kau da kansa ya fi mini duk tsokanarsa zafi. Na ci tumun shinkafar don kada in ba tsohuwa kunya, kuma yana da daɗi, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Lokacin ne bai yi ba, ka ce. Wane lokaci kake jira, farin cikin raina? Ranar da ɓera zai girmi doki? Shekara shida ba ta raguwa, ko za mu zagaye dutsen garinku sau ɗari. Na san tsoron hawayen uwa kake yi, ni ma uwa ce ta haife ni. Amma da ka faɗa mata gaskiya ta ƙi, da na tsaya a gefenka mun sha faɗan tare, kamar yadda muka sha lakar rafi. Ina jin haushinka, na faɗa maka ba ɓoye-ɓoye. Ina jin haushin muryarka mai sanyi, da kunnuwanka masu saurin ja, da hannunka da ya iya murza ƙafa amma bai iya riƙe hannu ba. Na fi jin haushin kaina, don har yanzu in waya ta yi ƙara zuciyata ce ke riga hannuna isa. An ce son maso wani ƙoshin wahala. Ba su gwada son matsoraci ba, wanda ke son ka a kan dutse ya musanta ka a gindinsa!

To, ni dai ba na saɓa wa babba. Na yi wa mahaifiyarka alkawari zan yi maka magana, ga maganar: ka yi aure, Khiem. Ka yi kafin sabuwar shekara, tsohuwa ta gaji. Tun da ni ce babbar yaya, har matar na zaɓa maka. Fuskarta ba fes take ba, farcen ƙafarta biyu babu, doki ce, kuma za ta riga ka furfura. Amma ta haye dutsen garinku da ƙafarta saboda kalma ɗaya da ka faɗa mata, kuma za ta sake hayewa gobe in ka maimaita.

Kada ka turo mini wani saƙo. Ka shiga madafa inda mahaifiyarka take, ka gyara kalmar a wurin da ka ɓata ta, sannan ka zo bakin tafki. Ina nan kowace safiya a bencin da ka sani. In ka zo ka ce, "Yaya Diep, ina kwana," zan amsa maka yadda ya dace, in tambayi lafiyar amarya, in zo biki in zauna a teburin manya in ci in sha. Daina son ka ba ya hannuna, da yana hannuna da na ajiye shi a filin makarantarku. Sai dai ba za ka ƙara jin sa daga bakina ba.

Taka har shinkafa ta daina nuna a jikin dutsen garinku,

............ Diep

Gurbin da ke gaban sunan na bar maka. Kai za ka cike shi.