Mai Kiran da Yake Yin Shiru

Nanay,

Gaisuwa mai yawa, mahaifiyata. Ya ƙafar babana, Tatay? Ya 'yar'uwata Luningning da jaririnta?

Ni lafiya lau a Singafo, sai dai sanyin ɗakin na'urori, shi ma na saba. Akwatin da ke haɗa wayoyin wani otal da layin waje nake saitawa, kuma kowane layi sai an gwada shi. Lambar gida nake bugawa. Mai kiran nan da kika ce wa, "Ɗan iska, ka ji tsoron Allah!" ni ne. Ina jin ki, ke ce ba kya ji na. Na gano kuskurena, na gyara.

Saura layi tara ranar Litinin. Ki ɗauka, Nanay, ko zagin ne ki ƙara mini.

Ɗanki,
Crisanto