Ba Sabon Salon Jami'a Ba Ne

Hafsat,

Na wuce Guri duba jarrabawa. Motar safe ba ta jira, ke kuma kin koma barci bayan asuba.

Lissafin da na turo miki jiya ta waya, kada ki rubuta shi haka a gwajin yau. Manhajar nan mai amsa tambaya ce ta warware mini shi a ofis. A kwamfuta ya fito tsaf: lamba a sama, layi, lamba a ƙasa. Da na kwafo shi zuwa waya, rabi ya zo daidai, rabi ya koma karkatattun sanduna da alamar dala, ga wani "frac" a gaban lambobin.

Da kika tambaye ni mene ne wannan, na gyara zaman tabarau na ce sabon salo ne na jami'a. Ba salon kowa ba ne. Ban sani ba ne kawai, kuma bayan shekara ashirin da biyu ina koyarwa, bakina ya manta yadda ake faɗin haka. Ke kuma kika kwafe shafi uku, har kina daidaita karkatar sandunan da rula. Ki yi haƙuri.

Na sake rubuta komai da hannu a bayan takardar nan. Shi za ki bi. Allah Ya ba da sa'a.

Littafin da kika kwafe sandunan a ciki kuwa, ki bar shi a gida. Malamin lissafinku, Malam Ishaku, ɗalibina ne a da, kuma sau biyu na kayar da shi saboda kwafe abin da bai fahimta ba.

Babanki