Ruwan da Ya Sha Rana

Gaisuwa mai tarin yawa daga Sarkin Inuwa, Almu mai hawasha, gonar auduga mafi kyau duk yankin Hasahisa, zuwa ga jama'ar Abu Na'ama kaf, manya da yara, awaki da jakkai, har da yayanki Maliki wanda na san shi zai karanta miki takardar ga yana murguɗa baki. Sai ke Dije matata, farar audugata, sanyin tuluna, macijiyar bakin ruwa. Ke ban gaishe ki ba.

Mi nai miki? Wace mace ka barin miji awa ni, mai wuya ukku, mai tumbin da yara ka gaidawa kafin su gaida ni? Kin manta shekarar da munka haɗu wurin tsinkar auduga, ke kin binne miji, ni na binne mata, kinka dube ni buhu ya suɓuce miki? Tun shekarar nan na samu hawasha na ɗauki 'yan ƙwadago, rana ba ta ƙara ganin ƙeyata ba. Ina rumfa da shayi mai sukari, in zan fita da laima. Haka mai gona ka zama, kowa ya sani.

Ke kinka ja ni Wad Madani don na ɗan riƙe ƙirji wurin hawan jaki. Ke kinka tona ni gaban likita, yawan ƙishi, yawan zagayawa, ciwon ƙashi, har minsharina. Yaron nan da bai kai ƙanena ba yace sukari ya hau, zuciya ta gaji, wai kuma jikina ba fitamin dal, abin da rana ka ba fata. Wai in sha man kifi, in ci kifi, in yi tafiya, in tuɓe riga da hantsi. Ni, in shanya kaina awa ƙadangare, ma'aikatana na kallo?

To nayi dabara irin ta masu ilimi. Malam in ya rubuta allo, ba wankewa akai a sha ba? Sai na aje kwano cikin rana, ruwa ya sha rana, ni in sha ruwa ina rumfata. Maganin ya shiga, mutunci bai zube ba. Wanga hikima likita bai da ita. Ke ko kinka harbe kwanon da ƙafa, kinka ce ba ki ƙara zaman takaba, kinka ɗauke gwangwanin sukari da laimata kinka hau lori zuwa garinku. Ɓarauniya. Laimar nan daga Makka abokina Jibirin ya kawo min ita.

Kada ki zaci ina kewarki. Abinci ne dai ba ya wucewa, gidan kuma ya yi faɗi awa filin idi. Idonki da ya fi ruwan kogi haske, ni ban tuna shi sai in na buɗe nawa. Muryarki ta gwangwani, ko ita ce kunnena ke nema, don rainin wayo.

Ran Juma'a ƙirjin ya sake kama ni, Dije. Ina rumfa, kwano na hannuna. Kamar an ɗora min buhun dawa, na kira sunanki, kaza ce ta amsa. Maliki, wurin nan ka karanta a hankali.

Tun ranar nake fita. Kowane hantsi ina bin bakin tur'a, magudanar ban ruwan nan, har ƙarshen ruwan gona, riga a kafaɗa, tumbi a gaba, 'yan ƙwadago na dariya ina ce musu duba aiki nikai. Man kifin nan mai warin mushe ina haɗiye shi ina tsine miki. Shayi ba sukari, awa wankin kwano. Na yi baƙi, kuma ko baƙin nawa ya fi na kowa kyau. Ba don ke nika yi ba. Don kada ki ce kin yi gaskiya bisa kabarina.

Laimar ki riƙe, na yafe. Sukarin ki ba Maliki ya sha, Allah ya ƙara mishi. Amma likita yace kifi, kifi kuwa garinku yake. Ki aiko min da busasshe, mai mai, da lorin Asabar. Direbobin nan ɓarayi ne, kada ki ba kowa. Ki riƙo shi bisa cinyarki har ƙofar gida. Ba za ki same ni rumfa ba, ki duba cikin rana.

Naki har a binne ni, kuma ba bana ba,
Almu