Gida Na Goma Sha Bakwai

Zongo, Lome
9 ga Janairu, 1982

Zuwa ga jikata Asiyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki na Sokode. Mu nan alhamdu lillahi, sai ciwon ƙafar da kika sani. Bakin nawa ne, hannun na limaminmu Malam Lukuman ne, na kuma hana shi gyara mini magana.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce shekara biyu ke nan kina buɗe littafin da kika saya don rubuta tarihin tsohon Zongo, kina rufewa, ko layi ɗaya bai zauna ba. Kin ce koyar da yara rawar jam'iyya ya cinye miki yamma. Wannan ba zan tanka ba, wasiƙa tana ratsa hannu da yawa. Amma asuba fa, wa ya cinye ta?

Na san ciwonki. Kina neman mafari irin na littattafan Faransi, wanda zai kwashe Zongo duka a numfashi guda. Ba haka ake shiga unguwa ba. Shekara arba'in ni ke rabon goron suna da na aure, kafin a rushe wurin a kawo mu nan bayan gari. Daga ƙofar masallaci nake farawa, in bi dama, gida sittin da uku. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba, don wanda aka tsallake fushinsa har jikoki yake kaiwa. Haka suke jere a kaina har yau.

Rikodar da kika bar mini tana ƙarƙashin gado. Ba na magana da abin da ba ya cewa na'am. Ga abin da za mu yi: kullum bayan sallar asuba in faɗa wa Malam gida ɗaya, ran Juma'a direba ya kai miki. Ke kuma kafin ki sha koko, ki zauna ki rubuta gida ɗaya. Ya yi kyau ko bai yi ba, kada ki yaga. Mu biyu muka rage da suka san jerin nan, ni da Oumarou mahauci na Bè-Kpota, shi kuwa ya girme ni.

Ki gai da kowa.
Kakanki, Sulemana mai goro

Zongo, Lome
30 ga Janairu, 1982

Asiyatu amaryata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku da gajiyar aiki. Malam ya karanta mini gidaje goma sha huɗun da kika aiko, yana mayar mini da Hausa. Ashe hannun yana tafiya! Sai dai kin sa rijiyar gidan Mahaman tela a tsakar gida. A bayan zaure take, inda akuyarsa ta faɗa ran sunan 'yarsa, aka bar liman tsaye da addu'a a baki kowa ya ruga ceto. Ki mayar da ita wurinta. Kin kuma ce shafi na farko bai gamshe ki ba. Ki ƙyale shi, shi ma bai ce ya gamsu da ke ba.

Allah ya yi miki albarka.
Sulemana

Zongo, Lome
17 ga Afrilu, 1982

Zuwa ga jikata Asiyatu,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kuna lafiya. Wasiƙunki uku sun zo, ban amsa ba. Malam ya rubuta miki cewa ƙafa ce ta hana ni. Ya rufa mini asiri ne, Allah ya saka masa.

Gaskiyar ita ce na tsaya a gida na goma sha bakwai. Ina ganin ƙofar, kore ce, ƙusa ɗaya ta fita. Ina jin ƙamshin kifin da matar gidan ke soyawa, Ba'ewiya ce, 'yar ƙabilar Ewe, da ta musulunta. Sunan mai gidan ya ƙi zuwa, nata ma haka. Kullum in zauna gaban Malam, shi da alƙalami, ni da buɗaɗɗen baki, har rana ta hau katanga. Ya ce mu wuce, na ce ban taɓa ba. Na zage ki a kan shekara biyu, ga ni.

Kunya ta hana ni zuwa wurin Oumarou, don tun muna samari nake yi masa gorin mantuwa. Mako uku ina ja. Ran da na haƙura na hau mota zuwa Bè-Kpota, na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Da hantsi aka kai shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na je da wuri, da yanzu sunan yana littafinki. Wannan laifina ne, ki rubuta shi a kaina.

Shekaranjiya na dawo daga asibiti, na tarar da goro biyu ƙulle a ganye, an rataye mini a ƙofa. Fatsuma 'yar Oumarou ce ta zo gayyatar sadakar arba'in, ba ta same ni ba. Na daɗe tsaye ina kallonsa. Haka ni ma nake yi idan na iske gida a kulle: in rataye musu rabonsu, in yi gaba. Wannan ba tsallakewa ba ne.

Saboda haka ki bar shafi guda fari. Ki rubuta goma sha bakwai a samansa, da koren ƙofa, da ƙamshin kifi. Wataƙila wata rana jikan gidan ya karanta ya gane ƙofarsu.

Likita ya ce ciwon ya wuce ƙafa. Kada ki taso, aikinki a can yake, a kan teburinki. Saura gida arba'in da shida. Ke ki tsaya a ɗaya kullum, kina da shekaru. Ni daga yau na koma uku.

Ki sa ni a addu'a, ki gai da maigidanki.
Kakanki, Sulemana mai goro