Man Gyaɗa a Kan Ƙarfen Mars

Pantai Dalam, Kuala Lumpur

Yaya Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka da Hajiya da mutanen maƙera. Sharifa da Afnan suna gaisuwa.

Ka tambayi abin da na shekara huɗu ina yi. Ƙarfe nake zaɓa, kamar ku, sai dai nawa na ƙafar ƙaramar motar da ake aikawa duniyar Mars ne. Dole ya yi rashin nauyi, ya jure sanyin da ke fasa ƙarfe. Wanda na haɗa duk huji ne kamar soso, gutsure arba'in, kuma ba ya shiri da laima. Garin nan ko riga ka shanya kwana biyu take ba ta bushe ba.

Yau akwatin da ke busar da su ya mutu, mai gyaran ya tafi ƙauyensu hutun Sallah na kwana tara. Har sun fara furfura, irin tsatsarsu ke nan. Gwajin ƙarshe saura sati biyu, kuma an ce ba za a sake ƙara min biza ba. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙaninka,
Muntasir

Kano

Dokta mai jiran gado,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Ɗan maƙeri guda, tsatsa ta hana shi sakat! Da me marigayi Baba yake shafe fartanya idan damina ta kama? Man gyaɗa. Ka shafa, ka naɗe a tsumma, ranar gwaji ka wanke. Shekara talatin ina haka, ko mai lauje bai taɓa dawo min da ƙorafi ba.

Hajiya ta gaya wa duk layinmu ƙarfenka zai hau sama. Allah ya ba da sa'a.

Yayanka,
Tajuddeen

Pantai Dalam

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shiruna na wata guda.

Na san dokar ɗakin gwajinmu, maiko ba ya shiga. Amma na ga furfurar tana ci, na sauka kedai, wato kantinsu na nan, na sayo man na shafa. Tsatsa kam ta tsaya. Na wanke su sau uku, na manta hujin ya riga ya sha.

Injin gwajin zuƙe iska yake yi, ya mai da cikinsa kamar sararin sama. Da ya zuƙa sai man ya fito ya bi ko'ina. Injin ya tsaya, gyaransa wata takwas, aikin ɗalibai shida ya tsaya da shi. Farfesa Adnan, mai duba aikina, bai yi faɗa ba. Ya shinshina gutsure ɗaya ya ce, "Wannan na suya ne, Muntasir." Ya karɓi makullina.

Na roƙa a bar ni in sake haɗa wasu, aka ce babu lokaci. Mun fara ɗaure kaya. Ba na iya kallon Sharifa, ita da ta bar koyarwarta ta biyo ni.

Ka huta lafiya,
Muntasir

Kano

Muntasir,

Salamu alaikum. Tun da na karanta ban hura wuta ba. Ka ba ni adireshin Farfesan in rubuta masa ni ne jahilin da ya sa ka. Hajiya ma yau zan gaya mata.

Ka yafe min,
Tajuddeen

Pantai Dalam

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kada ka rubuta, an riga an sa hannu a takardar sallamata. Jirginmu Laraba ne.

Sharifa ta tambaye ni wa ya ba ni shawarar mai, na ce mata ni kaɗai na yi tunanina. Idan Hajiya ta tambaya, kai ma haka za ka ce.

Ƙaninka,
Muntasir