Dabinon Masu Dubiya

Dutsin-Ma

Zaharaddin,

Bayan gaisuwa, ina tuna maka maganarka a gaban likita: "Yaya Murja, wallahi ko ƙwayar dabino ɗaya ba za ta shiga ɗakin Inna ba." Jiya Mardiya matarka ta faɗa mini jikin Inna ya mutu, ko buta ba ta iya ɗagawa, ga kuma ayaba da dabino cike da faranti kusa da gadonta. Na kira ka, ka ƙi ɗauka. Shi ya sa na ba direban Kurfi wannan takarda.

Tunda ranar hankalinka yana kan waya, bari in maimaita maka bayanin likita yadda nake koya wa ɗalibaina. Batirin babur ɗinka kawuna biyu gare shi, mai ƙari da mai ragi. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ƙarfinsa. Ranar da suka daidaita, sai turi. Kowace ƙwayar halitta ta zuciyar Inna haka take, cajin cikinta daban, na wajenta daban. A kowane bugu bambancin yakan rushe na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya dawo, ta sake bugawa. Ƙodar Inna ta gaza fitar da sinadarin fotasiyam, ayaba da dabino kuwa cike suke da shi. In ya taru a jini, bambancin yakan zaizaye har ya kasa dawowa. Zuciya kuma ba babur ba ce, ba a tura ta.

Ka gaida Mardiya.
Yayarka, Murja

*

Rawayau, Kurfi

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya ɗalibai? Allah ya huci zuciyarki.

Na gane zancen batir. Amma Yaya, ke kina makaranta, ni ke tarbar mutane. Alhaji Tukur, aminin marigayi Baba, tun daga Barkiya ya zo da dabinon Madina, ya sa mata a hannu da kansa. In fizge? Kuma ba ki san komai ba tukuna. Ni na ɓoye dabinon, Inna da kanta ta sa jikoki suka ɗauko. Ta ce wanda ya zo dubiya ba a kunyata shi, sai ya ga an ci. Ta kuma ce kada a gaya wa "Malama mai bulala".

A yi mana haƙuri.
Ƙaninki, Zaharaddin

*

Dutsin-Ma

Zaharaddin,

Wa alaikumus salam. Ka faɗa wa Inna cewa mai bulala ta ji, kuma gara ta zage ni tana numfashi.

I, ka fizge. Alhaji Tukur zai ji haushi ya koma Barkiya da ƙafarsa. Ita fa?

Gobe ka kai ta a sake gwada jininta. Sannan ka je wurin Liman, ya sanar bayan sallar Juma'a cewa mai zuwa duba Inna ya zo da addu'a, hannunsa wayam. In kunya ta hana ka, ka ce ni ce marar kunyar.

In Juma'a ta wuce ban ji sanarwar daga bakin Mardiya ba, Asabar da hantsi zan tsayar da mota a ƙofar gidanka, in ɗauke Inna a gaban duk masu dubiyar. Sai ka tsaya ka yi musu bayanin dalilin da ya sa aka ƙwace maka uwa.

Allah ya ba ta lafiya.
Murja